Shuɗin Bido daga Baleyara

Latifa na dama wa ɗiyarta Anisa kunun yaye sai ga surukarta, Inna Salamatu, ta dawo daga kasuwar Baleyara ɗauke da wani shuɗin bido, irin jarkar robar nan. Kafin tsohuwar ta sauke shi, warinsa ya iso hancin Latifa.

A Yamai ta yi karatun injiniyan sinadarai, tana sa ran aiki a matatar mai. Aikin bai samu ba, aure ya maido ta Filinge, abin da ya rage mata na karatun sai hanci da ido. Ta juya bidon, ta ga ragowar zanen ƙoƙon kan mutum a jikinsa.

"Inna, wanga na maganin kashe hwarar gona ne. Ba a sa mai ruwan sha."

"Na wanke da toka, na wanke da omo. Mi kuma ya rage?"

"Robar ta sha maganin, Inna. Kaɗan-kaɗan za ta riƙa sakinai cikin ruwan."

"Ji 'yar lakkwal, 'yar boko! Roba da maƙoshi? Mijinki da irinai ya tashi, ga shi nan ƙato. Don jikata na sayo, ta samu ruwanta daban."

Latifa ta dubi Anisa. Ta tuna malaminsu da ke cewa injiniyoyin da suka gabata sun haɗa sinadarai, na gobe kuwa aikinsu kwashe abin da aka bari a baya. A lokacin farar riga take hangowa da manyan injuna.

Inna na fita barkar suna, Latifa ta sa ƙusa a murhu har ta yi ja, ta huda gindin bidon ko'ina, ta jefar da shi juji.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Daina amsa gaisuwarta kawai ta yi, ta daina ɗaukar Anisa. Latifa ta shanye, tunda dai yarinyar ta tsira.

Ran Juma'a a bakin famfo ta iske maƙwabciyarta Ummul, goye da jariri, tana cika shuɗin bido. An lilliƙe hudojin da narkakkiyar roba.

"Ummul, don Allah aje shi. Dahin maganin hwara ne cikinai, ni na huda shi."

"Ke kin yar, ni na tsinta, malama. In kina da wani, ba ni."

Latifa ba ta da wani.

Ummul ta aza bidon a ka, ta juya. Wani liƙi bai kama da kyau ba, ruwa na ɗiga a kan jaririn, shi kuwa ya ɗaga kai yana lasa.