Garken Bogo a Gonar Dela

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, takin zamani ya fi ƙarfin talaka a Garwa. Gonar da marigayi Uba ya bar wa matarsa Dela kuwa ta gaji liƙis, dawar bana ko kirki babu. Sai wan mijin, Alhaji Mahamman, ya yanke magana: ranar Asabar zai kawo mai sayen gonar.

Ran Laraba da hantsi Dela na gona, ta tara kara za ta cinna wuta, sai ta ji kukan shanu. Garke ne guda aka koro daga kasuwar Bogo za a kai mayanka, duk sun galabaita. Kai! Ta yar da ashana, ta tattare zane, ta zuba a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kowa ya san al'adar: mai gona ya ba da kara da tuwo, makiyayi ya kwantar da shanu, abin da suka zubar na mai gona ne. Ga maƙwabcinta Fulbert shi ma ya taho yana kaɗa hula. Amma bawan Allah tun jiya ya ƙone nasa karan, gona fes, ko akuya ba za ta tsaya ba!

"Baffa, jam na?" in ji Dela ga tsohon makiyayin, tana haki. Iyakar Fulatancinta ke nan, sauran da hannu ta ƙarasa: ga kara, ga rijiya, tuwo na zuwa. Tsohon ya dubi karan, ya yi fito, shanu suka kwararo ciki. Daɗi ya kashe Dela, ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gona.

Ran Asabar, garke na tashi, Mahamman ya iso da mai saye, wani attajiri cikin farar shadda. Attajirin na sa ƙafa takalminsa ya nutse.

"Subhanallahi! Kashin shanu ko'ina!"

"A kan titi ne ake ce masa kashi, ranka ya daɗe," in ji Dela. "A nan sunansa taki."

Mahamman ya tsuguna, ya ɗebo, ya murza a tafin hannu. Warin nan ya san shi, a cikinsa suka tashi shi da ƙanensa.

"Yaya..." Dela ta fara.

"Nemi iri," in ji Mahamman. "Garma ni zan kawo."