Na'urar da Ta Cinye Kuskus ɗin Umma

Har yau in na ga akwatin nan a lungun falo sai raina ya ɓaci. Mijina Lutfi ne ya kinkimo shi. Da ma muna da na'urar shara, 'yar kewayayya mai yawo da kanta. Cikinta ƙarami ne, in ya cika sai ta tsaya tana ƙara har a zo a juye. Wai wannan juyewar ce ta gagari Lutfi, mutumin da ko kofin shayinsa ba ya kawarwa. Ya ce akwatin ya ci kuɗinsa, don in ta cika za ta je ya zuƙe mata, ta dawo bakin aiki. Na ce ɓarnar kuɗi ce kawai. Ya ce ban san ci gaba ba.

Da rani mahaifiyata ta zo daga garinmu Sfax da tsohuwar rariyarta, don ta murza mana kuskus kamar kowace shekara. Bana ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu, har likita ya hana ta. Ta ce sai ta yi na ƙarshe, kada jikokinta su tashi ba su san komai ba sai na leda. Ta yi kwanaki tana murzawa tana cije leɓe, ɗan kaɗan ta iya haɗawa. Muka turara shi, muka baza a kan farin zane a ƙasan ɗakin baƙi, muka bar ƙofa da taga a buɗe don iska ta ratsa. Sannan na kai ta gidan wankan ruwan zafi na unguwa ta gasa jikinta.

Ashe gogan naku yana gidan shayi yana yi wa abokai burga. Ya latsa waya don su ga yadda yake share gida daga nesa.

Da ba don akwatin ba, da ta ɗan ci ta ƙoshi ta tsaya, mu kwashe sauran. Ina! Ta ci, ta juye, ta dawo, ta ci. Muka tarar da zanen tas, kuskus ɗin kuwa yana cikin jakar akwatin, cakuɗe da gashin kyanwa da dattin ƙarƙashin gado. 

Da Lutfi ya shigo na wanke shi tas a gaban yara, ban rage masa komai ba. Ya durƙusa gaban Umma yana kame-kame, wai gobe zai sayo mai kyau a babban kanti, wanda ba a bambanta shi da na hannu.

Umma ba ta dubi jakar ba. Yatsunta take kallo.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Na kantin ma ai za su saba."

Ranar da za ta koma Sfax na bi ta har bakin mota da rariyarta, ina cewa ta yi mantuwa. Ta ce ba mantuwa ta yi ba.