Lambar Yabon Hajjo Mai Ƙwarya

"Lucia, zo ki ji. Sun kashe ni a rediyo tun ban gama shan kokona ba."

Lucia ta bar wankin da take yi ta leƙa ɗakin maƙwabciyarta. Hajjo na zaune a tabarma tana dariya har tari ya sarƙe ta. Wai wata ƙungiyar matasan mawaƙa ce za ta karrama waɗanda suka fara sa kiɗan ƙwarya a kaset, ciki har da "marigayiya Hajjo".

Kowa a wannan layi na Kuchigoro ya san Yamusa aka raɗa mata ran suna. Ɗan daudu, in ji masu faɗa a bayan ido. Amma shekara hamsin ke nan tana ɗaura zani tana amsa Hajjo, kuma da sunan nan muryarta ta zaga gidajen biki. Ba a taɓa sa hotonta a kaset ba, don mai shagon kaset ɗin ya rantse in aka ga fuskarta, kasuwa ta mutu. Shi ya sa yaran yanzu suka ɗauka wata tsohuwa ce da ƙasa ta daɗe da rufewa.

Lucia ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Nan take ta buga wa gidan rediyon.

"Oga, marigayiyarku tana nan fa. Yanzu ma ta aike ni sayen ƙosai."

Ran Asabar sai ga wata budurwa daga ƙungiyar, Nabilah, da fom a hannu. Ta tarar da Abdulmajeed, ɗan ƙanwar Hajjo, ma'aikacin gwamnati da ke zuwa daga Gwarinpa duk mako da ledar magani. Yana son tsohuwar, wannan ba shakka, sai dai kullum can bakin titi yake ajiye motarsa.

"Wane suna za a zana a jikin lambar?" in ji Nabilah.

"Yamusa Habibu," ya ce da sauri. "Shi ne a katin shaidar Kawu."

"Ɗana," in ji Hajjo, "Yamusa bai taɓa rera ko baiti ɗaya ba. Me zai yi da lambar yabo?"

"Kawu, a talabijin fa za a nuna. Mutanen ofis ɗinmu..."

Bai ƙarasa ba. Ya karɓi fom ɗin ya ce zai cike a gida. Ran Lucia ya ɓaci ƙwarai, don ta san jikin Hajjo ba zai jira wata karramawar ba. Ta bi shi har bakin titi.

"Oga, sun binne ta sau ɗaya a rediyo. Kar ka binne ta na biyu a takarda."

Ya shiga mota ya tafi.

Kafin ranar taro Hajjo ta daina tashi, sai ƙungiyar ta ce ita za ta zo har gida. Matan layi suka share tsakar gida, aka cika baho da ruwa aka kife ƙwarya a kai. Aka fito da Hajjo a kujerar roba, ta sha kwalli da ɗan kunne. Abdulmajeed ya iso riƙe da lambar a naɗe cikin ƙyalle, mai kyamara na binsa. Lucia ta zuba wa ƙyallen ido.

Ya warware ƙyallen, ya gyara murya, ya karanta: "Hajjo Mai Ƙwarya."

Guɗa ta kaure. Lucia, da ba ta iya guɗa ba, ta yi tata haka nan, kowa ya kwashe da dariya. Hajjo ta miƙa hannu aka ba ta ludayi, ta buga ƙwaryar, ta ja baiti biyu da ragowar muryarta, mata suka amshe. Sannan ta harari masu amshin.

"Kun yi sauri. Da a zamanina ne da na kore ku."

Kwana tara bayan nan, da hantsi, Lucia ta kai mata koko ta tarar rai ya yi halinsa. Ta yi kuka sosai, amma zuciyarta a sanyaye take.

Ran sadakar uku Abdulmajeed ya shigo da motarsa har ƙofar gida. Wani mai keke da ya ga tabarmi ya tsaya ya tambayi wa ya rasu.

"Hajjo mai ƙwarya," in ji shi. "Kawuna."

Lucia na tsaye ya buɗe ƙofar gaba ta motar, ya goge lambar da hannun rigarsa, ya jingina ta a kujera, rubutun na kallon titi.