Sai da Tsuntsu Ake Shiga

Shekarar da jirgin dakon mai ya dare gida biyu a tekun Galisiya, Amaro Lema ya haura hamsin, kuma ko allura ba a taɓa yi masa ba. Masunci ne a ƙauyen Areal, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Da baƙin man ya iso gaɓa ya lulluɓe duwatsu da rairayi kamar an kifar da tukunyar kwalta, gwamnati ta hana kamun kifi. Amaro ya ɗaure kwalekwalensa, ya saɓi shebur, ya bi sauran mazan garin.

Wanda aka naɗa shugaban aikin shi ne Eladio, ƙanen matarsa Delfina. Mai aski ne, bai san komai game da mai ba sai wanda yake shafa wa mutane a gashi, amma shi kaɗai ke da usur a ƙauyen, domin shi ke alƙalancin ƙwallon Lahadi. Kayan aiki sun zo daga birni a babbar mota: fararen riguna marasa kauri, da kwali guda na safar hannu wadda duk ta hagu ce. Takunkumin fuska kuwa, Eladio ya ce yana hanya. Kullum da safe sai ya busa usur ya sanar cewa yana hanya. Kafin takunkumin ya iso, Eladio ya ba su shawara su riƙa shan madara, su kuma riƙa numfashi ta baki don kada warin ya dame su.

Haka suka riƙa kwasar man da shebur, da tukunya, da hannu. Inda ya manne wa dutse, ana fesa masa ruwan zafi da wani magani da ba wanda ya iya karanta sunansa, iska kuma ta dawo musu da tururin a fuska. Da yamma sai su yi layi a gaban bokitin man dizal su wanke hannuwa da wuya, tunda sabulu ba ya fitar da shi.

Ciwon kai ne ya fara kama Amaro, sai idanu suka yi ja suna zubar da ruwa, sai ƙuraje suka feso masa daga wuyan hannu har gwiwa. Bai gaya wa kowa ba, domin kowa haka yake. Delfina ba ta barin shi shiga gida sai ya tuɓe a bakin ƙofa, duk da sanyin da ake yi. Wata rana ta tafi wurin maƙwabciya ta bar shi da tukunyar miyar kabeji a kan wuta. Ta dawo ta tarar hayaƙi ya cika ɗakin girki, shi kuwa yana zaune kusa da tukunyar yana yanka burodi hankali kwance. Ya rantse mata bai ji ƙauri ba. Ta dube shi ta daɗe, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ba shi tsoro.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, ya ɗaga bokiti sai duwatsun suka juya masa, ya faɗi. Ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da igiyar jirgi. Aka aika a kira Delfina, aka ɗora shi a baro. Asibiti yana can cikin birni, hanyar kuwa guda ce, kuma manyan motocin kwasar mai sun toshe ta tun safe. Wuri mafi kusa da ke da likita shi ne zauren wasanni na makarantar garin, inda 'yan sa kai daga ƙasashen waje suka buɗe asibitin tsuntsayen teku da man ya ɓata.

Mai gadin zauren, wani tsohon soja mai suna Benigno, tare suka yi makaranta da Amaro. Ya leƙa cikin baron, ya ce wallahi ya tausaya, amma umarnin da aka ba shi ba wanda zai shiga sai wanda ya kawo tsuntsu.

"Benigno, mutumin da ya riƙe maka jaririnka a coci ranar suna ne," in ji Delfina.

"Na sani. To ina tsuntsun?"

Delfina ta juya wajen ƙanenta, wanda ke tsaye da usur a wuya yana cewa a yi haƙuri a bi doka.

"Kai kuma mai aski, tunda ba ka iya kawo takunkumi ba, je ka kawo tsuntsu. In ka dawo hannu wofi, usur ɗin nan zan sa ka haɗiye."

Eladio ya ruga bakin ruwa ya dawo da wata agwagwar teku da mai ya rufe har ido. Aka ɗora ta a kan cikin Amaro, Benigno ya ƙame ya buɗe ƙofa.

Abin da Amaro ya fara lura da shi a ciki shi ne ɗumi. Ga fitilu masu zafi a kan kwalaye, ga tawul mai laushi, ga ruwan ɗumi a robobi. Duk mai taɓa tsuntsu yana sanye da takunkumi mai matatar iska biyu, da tabarau, da safar hannu ta dama da ta hagu. Likitar dabbobin, wata doguwar mace 'yar Holan da ake kira Femke, ta miƙa agwagwar ga wani, ta duƙa a kan Amaro. Ba ta jin harshensu sosai. Ta sa aka yanke masa rigar, aka wanke shi da sabulun wanke kwanuka kamar yadda ake yi wa sauran majinyatanta, ta wanke masa ido, ta kafa masa robar iska a hanci. Da ta tambaya da me yake wanke jikinsa, aka nuna mata jarkar dizal, sai ta faɗi wata kalma da harshenta wadda ba ta buƙaci tafinta ba.

A can ya kwana, tsakanin kwalayen tsuntsaye, lulluɓe da bargo. Tun da man ya zo bai yi barci mai daɗi irin wannan ba. Kunya kuwa ta ishe shi, domin da safe wata baiwar Allah mai raba abinci ta zo da bokitin ƙananan kifi, ta tsaya a kansa tana tunanin ko shi ma yana cikin rabo.

Labari ya bazu. Kafin mako ya zagayo duk mai jan ido da tari ya san hanyar samun likita. Maza suka riƙa barin shebur suna farautar tsuntsaye a tsakanin duwatsu, har aka yi dambe a kan wani tsuntsu da ya riga ya mutu. Wasu biyu suka shiga da tsuntsu ɗaya, kowa riƙe da fiffike, Benigno ya yi nazari ya ce umarnin bai hana ba. Da tsuntsayen suka yi ƙaranci, Eladio, wanda shi ma fatar hannunsa ta fara saɓulewa, ya saci kazar Delfina ya shafe ta da baƙin man takalmi. Femke ta karɓi kazar, ta juya ta, ta dubi Eladio, ta sa aka wanke su duka biyun. Daga ranar take ba duk wanda ya shigo takunkumi daga na ma'aikatanta, har suka ƙare. Na gwamnati kuwa ya iso daga baya, lokacin da aka kusa gama aikin. Na masu aikin katako ne, ƙura kawai yake tarewa.

Da bazara aka saki tsuntsayen da suka rayu, aka rufe zauren, Femke ta koma ƙasarsu. Kafin ta tafi ta riƙe hannun Amaro ta nanata masa ya je a duba masa huhu. Ya je. Likitan birni ya saurari ƙirjinsa ya ce ya daina shan taba. Amaro ya ce bai taɓa sha ba. Likitan ya ce to ya ci gaba da dainawa, ya ba shi abin shaƙa irin na masu asma.

Da aka buɗe teku ya gwada komawa, amma jan taru ya fi ƙarfin numfashinsa. Ya bar wa wani ɗan'uwansa kwalekwalen, ya koma gyaran taru a bakin tashar kwalekwale, yana zaune. Wannan ya yi masa ciwo fiye da ƙirjin, ko da yake Delfina kaɗai ta sani.

Shekara na zagayowa aka shirya bikin karrama waɗanda suka tsabtace gaɓar. Wani wakilin gwamnati ya zo daga babban birni da kwalin lambobin yabo. Da aka kira sunan Amaro, hawa matakalar dandamalin ya ɗauke shi lokaci, har 'yan badujala suka ƙare waƙarsu suka sake ɗaukowa daga farko. Wakilin ya rataya masa lamba, ya miƙa masa makirufo ya ce ya yi wa jama'a magana. Amaro ya shirya abin da zai faɗa tun a gida. Yana buɗe baki tari ya sarƙe shi, lasifika ta watsa shi ko'ina. Sai na kusa shi ma ya kama tari, sai na bayansa, har dandalin gaba ɗaya ya ɗauka, maza da matan da suka yi aikin, kowa da irin nasa. Wakilin ya dubi magajin gari, ya zaci wata al'ada ce ta mutanen bakin teku. Don kada a ce ya raina su, sai ya dunƙule hannu ya kai baki, shi ma ya ɗan yi tari cikin ladabi.

Delfina ta hau ta kamo hannun mijinta ta sauko da shi a hankali. Ba su tsaya cin abincin bikin ba.