Zuriyar Ciyaman

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta ya san halinta: a gabanta ko cokali ba ya kwana da maiƙo. Da ta yi ritaya ba ta bar halin a can ba, gida ta kwaso abinta.

Mijinta kafinta ne, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu ya bar mata akurkin da ya ƙera da hannunsa a bayan gida, da kaji goma sha huɗu, da wani jan zakara ƙato mai gashi har a ƙafa. Ciyaman yake kiransa, wai don ba ya aikin komai sai zagayen duba aiki. Irin zakaran nan daga gidan mahaifin kafinta ya fito, ɗa bayan uba, kuma Ciyaman ne na ƙarshe. Ga shi ya haura shekara biyar. In ya mutu bai bar tsako ba, shi ke nan, irin ya ƙare.

A da Sista ko kallon akurkin ba ta yi, wari yake mata. Amma da gidan ya yi shiru, ya zama carar Ciyaman ce kaɗai muryar namiji da ta rage a cikinsa, sai ta ƙudurta a ranta cewa sai ta ga 'ya'yansa da idonta.

Ta sa wa baƙar kaza ƙwai goma sha biyu. Kwana ashirin da ɗaya suka cika, ko motsi. Ta ƙara kwana uku don kada a ce ta yi gaggawa, sai ɗaya ya fashe, wari ya kori kowa daga tsakar gida. Ta sake sa goma. Su ma baragurbi.

Autarta, malamar makaranta ce, duk Asabar take zuwa. Ta tsaya nesa da akurkin tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Mama, don Allah ki haƙura. Tsohon nan ya gama aikinsa. A yanka shi tun yana da nama, in sayo miki saurayin zakara."

"Saurayin zakaran wa? Na kasuwa? Ke dai ba ki da ta ido, Auta. Ni ban taɓa sallamar majinyaci ban san abin da ke damunsa ba, ba kuma a kan zakara zan fara ba."

Ta kuwa kama Ciyaman ta yi masa duba na gaske. Ta buɗe baki, ta leƙa ido, ta lalluba ƙafafu, ta ɗora shi a sikelin kicin yana zage-zage da yarensa. Ya yi ƙiba, ta rage masa tsaba ta ƙara ganye. Ta sami ƙwarƙwata a ƙarƙashin fiffike, ta barbaɗa magani. Ta sa almakashi ta rage gashin da ya cunkushe masa a baya, da na kajin, don kada ya tare hanya. Sannan ta ce mata goma sha huɗu sun yi wa dattijo yawa, ta ware masa huɗu a gefe guda. Ciyaman ya murmure, har da jan fiffike a ƙasa kamar yaro. Da idonta take ganin yana barbara safe da yamma.

Ta sa goma sha biyu a karo na uku, tana da yaƙinin wannan karon an gama. Ba a gama komai ba. Ƙwai talatin da huɗu ke nan, babu tsako ko na magani.

Wata Talata da safe ba ta ji cara ba. Ta same shi a ƙarƙashin sandar da yake kwana, ya sandare, kajin suna ta kiwonsu a gefe. Ta ɗauke shi ta naɗe a tsohon tawul, ta zauna a kan bokiti. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta ji kamar yau ne aka fita da gawar mijinta.

A haka Mai Dusa ya same ta. Shi ke kawo abincin kaji gidan a kan babur tun maigidan na da rai, kuma aminai ne.

"Mayar da buhunka," ta ce. "Kajin ma rabar da su zan yi."

Ya sauke buhun duk da haka. Ya dubi tawul ɗin, sannan ya ce, "Sista, yaushe rabonsa da barbara?"

"Jiya ma na gan shi."

"To ai da saura! Kaza tana riƙe abin zakara kwana goma, wata har mako biyu. Ba ni ƙwan yau da faranti."

Ta shiga wurin kaji huɗun nan ta ɗauko ƙwai ɗaya da ɗuminsa. Ya fasa a hankali, ya juya gwaiduwar da cokali, ya nuna mata wani ɗan farin ɗigo mai zobe kewaye da shi.

"Kin ga zoben nan? Ƙwai mai rai ke nan. Wanda babu zakara a cikinsa, ɗigo ne kawai ba zobe. Wallahi Ciyaman bai ci amanar kowa ba. A ina kike tara su kafin kwanci?"

Nan Sista ta ɗan miƙe kafaɗa, don an zo fanninta. Ta kai shi kicin. Ga roba ta musamman, ga soso, ga kwalbar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowane ƙwai sai ta wanke shi tas, ta goge, ta rubuta kwanan wata. Ta buɗe firiji: ga su nan a jere, fari ƙal, suna jiran a cika dozin.

Mai Dusa ya ɗora hannu biyu a ka.

"Kai! Sista, ashe ke ce!"

"Ni ce me?"

"Ƙwai da rigarsa yake fitowa, wata 'yar sheƙi da ido ba ya gani, ita ke tare cuta. Kin sa soso kin tuɓe masa. Sannan kin kai shi sanyi mako guda, mako biyu. Ɗan abin da ke ciki ina zai kai? Marigayi ai a kwandon garin katako yake tara su, a inuwa, ko ruwa ba ya bari ya taɓa su."

Ta san kwandon. Shekara da shekaru tana yi wa kafinta masifa a kansa, tana cewa ya ajiye mata ƙazanta a kan kantar sito, ƙwai duk kashin kaji da gashi. Yakan yi dariya ya ce ta bar su haka, sun fi son haka. Bayan rasuwarsa da mako biyu ta jefar da kwandon a shara.

Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban manyan likitoci. Amma Sista ba macen zama ta yi ta kuka ba ce alhali aiki na jira.

"Kwana nawa ka ce?"

"Ki ɗauki na mako guda, ya fi tabbas."

Ta binne Ciyaman a gindin katanga. Ta buɗe shagon kafinta da ta rufe tun bara, ta ɗebo garin katako a kwali. Kullum ta tsinci ƙwan kaji huɗun nan ta jera, tsinin a ƙasa, tana karkata kwalin safe da yamma yadda Mai Dusa ya nuna mata. Wani ƙwan ya zo da kashi shafe a gefe. Sau uku tana kai hannu ga soso tana janyewa, daga ƙarshe ta kankare da busasshen tsumma, ta ɗauki soson ta wurga bayan katanga don ta huta da kanta. Kwana shida, ƙwai tara. Allah ya taimake ta wata farar kaza ta fara kwanci, ta zuba mata su.

A rana ta takwas ta shiga sito da tsakar rana, ta rufe ƙofa, ta haska kowanne da tocilar waya. Biyar fayau, ba komai. Huɗu kuwa ga jijiyoyi ja sun bazu, ga wani ɗan baƙin abu yana motsi a tsakiya. Ta lallaɓa ta mayar da su ƙarƙashin kazar.

Ranar Asabar ɗin da kwanakin ƙyanƙyasa suka cika, Auta ta zo, ta yi ta sallama ba amsa. Ta zaga baya ta tarar da uwarta zaune daɓas a ƙasan akurki, cikin dusa da kashin kaji, da farin zanenta. Biyu daga cikin huɗun ba su kai ba. Biyu kuwa sun fito, suna leƙowa daga ƙarƙashin fiffiken farar kaza, ɗaya ko bushewa bai gama ba.

"Mama! Na Ciyaman ne?"

"Nasa ne." Ta share ido da bayan hannu. "Talatin da huɗu na kashe masa da hannuna, Auta, ina ta ɗora masa laifi, har da hana shi abinci."

"Ai ba ki sani ba, Mama."

"An faɗa mini. Babanki ya faɗa mini ya fi sau ɗari, ban taɓa ce masa ya yi gaskiya ba, ko sau ɗaya. Ga shi yau na faɗa, ba ya nan."

Auta ta tattare siket ta zauna kusa da ita a ƙasan. Suka zuba ido suna kallon 'yan tsakin da ke ta kuka a ƙarƙashin farar kaza.