Kwana Ashirin Ban Ji Brazil Ba

Sunana Gwadabe, a Fassi nake zaune, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ina jan motar haya tsakanin Rano da Kano. A tashar mota an san ni da abu biyu: ba na yin lodin da ya wuce ƙa'ida, kuma ina cika baki a kan kunnena. Na farkon ko ba a yaba mini ba ban damu ba. Na biyun kuwa, wanda ya taɓa shi sai ya gwammace bai tanka ba, don zan tsare shi da bayani har motarsa ta cika ta tashi ta bar shi.

Dalilin cika bakin shi ne wata tsohuwar rediyo mai nauyin tsiya da na saya a Sabon Gari shekara goma sha tara da suka wuce. Da batirin mota nake kunna ta. Na ja mata doguwar waya daga reshen ɗorawar bayan gida zuwa tagar ɗakina, taku ɗari da hamsin cif. Akwai kuma gajeruwar waya, wadda ake kira wayar ƙasa, da ta fita daga bayan rediyon ta je ta kama wani rodi da na kafa a bayan madafi. Tun ranar da na buga rodin nan ban ƙara bi ta kansa ba, don me zai kai ni bayan madafi?

A matsakaicin zango nake farautar tashoshi. Da rana ba ka jin komai sai Kano da Kaduna, amma da zarar rana ta faɗi sai duniya ta fara shigowa. Bayan magariba mutanen Sifaniya ne da Larabawa. Gab da asuba kuwa, in sama ta yi kyau, sai ga wani mutum daga Brazil, murya siririya can ƙarƙashin shuuu ɗin rediyo, yana zuba surutu kamar mai tallan magani a kasuwa. Ko kalma ɗaya ba na ganewa sai sunan ƙasarsu in ya ambata. Mutane su ce to meye amfanin? Ni kuma in ce, wanda bai taɓa zama a ɗakin ƙasa a Fassi ya ji muryar da ta tsallako teku ba, babu yadda zan yi masa bayani. Rashin wutar lantarki da kowa yake kuka da shi a garinmu ni gaba ta kai ni, don wayoyin wuta ba sa cika mini rediyo da ƙara.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, bara kunnena na hagu ya fara yi mini kuwwa, na lallaɓa asibiti a Kano. Likita ya duba ya ce ƙarar inji da hon na shekara talatin sun ci rabonsu, kuma jin zai riƙa raguwa a hankali, siraran sautuka ne za su fara tafiya. Na ce to, na karɓi takarda na cusa a aljihun mota. Ko matata Kulu ban gaya wa ba.

Da rani ya kankama bana, 'yarmu Rahma ta haihu a Nariya, haihuwa ta uku. Bayan suna Kulu ta zauna don ta yi mata wankan jego har a yi arba'in. Ta bar wa Maijidda, matar ƙanena, amanar kaji da awaki da tuwona. Madafinmu aka ja ƙyaure aka rufe.

Makon farko lafiya lau. A na biyu mutumin Brazil ya fara nisa, yau in ji shi kamar daga cikin rijiya, gobe in ji ɓurɓushinsa kawai. Ran nan na tashi gab da asuba, na murɗa wurin da na san yana nan kamar yadda na san hanyar gidanmu, babu shi. Sai shuuu. Na ce ƙila sun rufe tashar, don dama tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya suke mutuwa. Bayan kwana huɗu mutanen Sifaniya su ma suka bi shi. Kano kuwa tana nan tana ihu kamar kullum.

Na canza batir. Na goge kan wayoyi da yashi har suka yi ƙyalli. Ni mai shekara hamsin da takwas na hau ɗorawa da tsakar rana, mata masu wucewa suna salati, na tarar da ƙullin waya daram. Na leƙa bayan madafi na ja wayar ƙasa, tana nan kam a jikin rodi, ƙasar wurin ta bushe ta tsattsage kamar ko'ina. Da na rasa abin yi sai na naɗe rediyon a bargo na kai wa Alu mai gyara a Rano, wanda tun muna samari muke tare.

Alu ya kwance ta, ya auna nan ya auna can, ya hura, ya mayar ya ɗaure.

Ya ce, "Direba, rediyon nan ta fi ni lafiya. Ko dai kunnen da ake ta yi mana kuri da shi ne ya fara tsatsa?"

Wasa yake yi, har yana buga cinya. Na yi yaƙe na biya shi da wata tsokanar. Maganar likita ta dawo mini tiryan-tiryan. Siraran sautuka ne za su fara tafiya, kuma duk duniya ban san sautin da ya fi na mutumin Brazil siranta ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro, kuma na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Wani zai ce a kan rediyo? E, a kanta. Shekara goma sha tara duk wahalar da hanya ta ba ni, da kwandasta, da fasinjan da yake ganin shi ya sayi motar, na san in na dawo gida akwai rabin awa tawa ni kaɗai. Yanzu sai in zauna gaban akwatin in yi ta murɗawa kamar mai laluben allura a duhu. A tasha na daina zancen rediyo, har aka fara tambaya ko lafiya. Na yanke shawara in Kulu ta dawo zan sauke wayar ɗorawa in kai wa Alu rediyon kyauta, ya yi abin da ya ga dama da ita.

Ranar Juma'a, kwana ashirin rabona da Brazil, na ajiye mota na hau babur zuwa Nariya ganin jariri. Na ɗauke shi na yi masa addu'a, na tsokani Rahma cewa yaron nan hancina ya sato. Kulu ta kawo mini kunun kanwa a inuwar darbejiyar tsakar gida, ta zauna a gefen tabarma tana kallona.

Ta ce, "Malam, ka rame. Maijidda ba ta kai maka tuwo ne?"

"Tana kaiwa."

"To mene ne? Tun da ka shigo ba ka ce mini komai a kan mutanenka na cikin akwati ba. Da ko gaisuwa ba ma gamawa."

Na so in waske, amma matar da kuka yi shekara talatin da huɗu tare ba a waske mata. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, da asibitin, da likitan, da yadda tashoshin suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Kunnen ya tafi, Kulu. Shi ke nan, na haƙura."

Ta ƙura mini ido. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ce, "Wa yake ba ƙarfen ruwa?"

"Wane ƙarfe?"

"Ƙarfenka na bayan madafi mana."

Na ce, "Ke kuma, ƙarfe akuya ne da za a ba shi ruwa?"

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wato tun tafiyata ko ɗigo bai samu ba? A cikin ranin nan?" Sai dariya ta kama ta, ta rufe baki da mayafi don kada surukai su ji, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa raina ya fara ɓaci, don na kawo mata maganar mutuwar kunne tana yi mini dariya.

Da ta lafa ta ce, "Tsaya ka ji. Shekarar da ka kawo akwatin nan, a bayan madafi nake wanke-wanke. Sai na lura duk ranar da na zubar da ruwa a gindin ƙarfen, kana fitowa daga ɗaki da fara'a, har ka ce ka kamo ƙasa kaza. Ranar da na yi wanke-wanken a wani wuri kuwa, sai ka fito kana huci, tuwo ya yi tauri, miya ba gishiri, yara sun cika surutu. Na gwada sau uku don in tabbatar. Daga nan na ce to, ashe abin ruwa yake so. Kullum da la'asar bokiti ɗaya, da rani biyu."

"Kullum?"

"In ban da ranar da aka yi ruwan sama. Ko haihuwa na yi, sai na sa Rahma ta zuba."

Na san a karance cewa wayar ƙasa ta fi aiki a ƙasa mai danshi, an taɓa gaya mini tun farko, na ji ta kunnen dama ta fita ta hagu. Ni da nake fita da duku-duku in dawo da almuru, ban taɓa ganin wurin a jiƙe ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini duk shekarun nan?"

"Kana can tasha kana gaya wa mutane Allah ya ba ka kunnen da babu irinsa a ƙasar Rano, ni ce zan zo in ce ruwan wanke-wanke ne? Ai sai ka ƙi cin tuwona wata guda."

"To da za ki taho, me ya sa ba ki bar wa Maijidda sallahu ba?"

"Haba Malam! Da wane bakin zan ce wa Maijidda ta riƙa shayar da ƙarfe? Kafin magariba duk Fassi ta ji cewa asiri na binne maka a bayan madafi. Na ce kwana arba'in ne, ƙila danshin ya riƙe." Ta gyara zama, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Maganar likita kuma ba ta wuce ba. Kai da ɓoye mini ciwo, za mu yi ta in na dawo."

Ban jira la'asar ba na kamo hanya. Rijiyar gidanmu takan ƙafe da rani, don haka na ɗauki jarka biyu na nufi famfon tuƙa-tuƙa na ƙarshen unguwa. Na tarar da layin mata, suka yi ta kallona, wata tsohuwa ta ce, "Yau kuma Gwadabe da kansa? Kulu ta kyauta da ta yi tafiya." Na tuƙa har hannuna ya yi zafi. Daga famfon zuwa gida na huta sau uku, ina haki kamar motar da ta hau tudu da lodi. Na juye jarka biyun a gindin rodin, ƙasa ta shanye nan take kamar ban zuba komai ba. Na koma na ƙaro biyu.

Bayan magariba na kunna rediyon. Na murɗa a hankali, na wuce Kano, na wuce Kaduna, sai ga wata mata tana magana da sauri da harshen Sifaniya, tar kamar tana zaure. Ban yarda ba tukuna. Da isha na sake kai jarka ɗaya.

Gab da asuba na tashi, kafaɗuna suna ciwo kamar an yi mini duka. Na zauna, na yi bisimilla, na kai allurar rediyon wurin da na sani. Da farko shuuu ne kawai. Can ƙasa sai na ji kiɗa, kiɗan ya lafa, mutumina ya fito yana zuba surutunsa kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Hawaye suka zubo mini, ban kuma share ba. Na gode wa Allah da ya bar mini kunnena zuwa yau, ko gobe ya karɓa na gode.

Na san Kulu ta tashi, don a irin lokacin take ɗora ruwan wankan mai jego. Na kira wayarta, na kara tawa a bakin rediyon na ɗan lokaci, sannan na mayar kunne.

Ta ce, "Shi ne wannan? Me yake cewa?"

"Oho. Ban taɓa sani ba."

"Amma ka ji shi?"

"Na ji shi." Na yi gyaran murya. "Kulu, jarka biyar na ɗauko jiya, ko juyi na kasa yi a kan gado. Ke shekara goma sha tara. Na gode. Allah ya saka miki da Aljanna."

Na ji itace yana ƙara a murhu, na ji ta ja hanci. Can daga cikin ɗaki, nesa da wayar, jaririn Rahma ya yi ɗan ƙaramin kuka sau ɗaya ya yi shiru.

Na ce, "Je ki duba shi, ya farka."

Ta ce, "Wa? Ni ban ji komai ba."

Sai ga muryar Rahma tana kiran, "Inna, zo ki karɓe shi."