Farin Tef a Jikin Noti

Wani dare Mai Agogo yana kwance sai ya ji wata ƙara daga tsakar gida: ƙiiƙ, shiru, ƙiiƙ. Ba kukan gyare ba ne. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana kara agogunan mutane a kunne ba ya rikita ƙara da ƙara. Wannan kukan ƙarfe ne da ake matsa wa. Kafin ya lalubo tocila da takalmi ƙarar ta ɗauke. Ya tarar da motarsa a inda take, ita da duhu.

Tsohuwar mota ce mai zagayayyun fitilu kamar idon mujiya. Ta girmi Auta, 'yarsa, wadda yake zaune a gidanta tun rasuwar mahaifiyarta. Ba ya zuwa ko'ina da ita. Da yamma yakan tayar da ita ya zauna a ciki, wai a cikin karkarwar injin yana jin muryar marigayiya tana ce masa ya rage gudu. Aibin motar ɗaya, zubar baƙin mai.

A kan wannan man Auta ta zame da tsohon ciki, da kwandon wanki a hannu. Allah ya taƙaita, gwiwa kawai ta gurje. Amma mijinta, mai gyaran famfo, wanda bai taɓa ɗaga ido ya dubi surukinsa ba, ranar ya yi magana da ƙarfi yadda har maƙwabciya ta ji ta bayan katanga. Ya ce da safiyar Asabar zai shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, in ya ga ko ɗigo ɗaya, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ja ta. Mai Agogo bai ga laifinsa ba. Abin da ya hana shi barci shi ne, tun daga daren da ƙarar ta fara, zubar man sai ƙaruwa take yi.

Ranar Juma'a ya kirawo Dogo, bakanike, abokinsa tun suna samari, mutum gajere kamar turmi. Dogo ya zagaya motar yana tsaki, ya ce ita da mai ita duk ƙashinsu ya gaji, bambancin kawai ita ana samun kayan gyaranta. Mai Agogo ya ce ai shi ma Dogo an daina ƙera irinsa, don kamfanin ya gane kuskurensa.

Dogo ya wanke injin da kananzir, ya bari ya bushe, sannan ya aika a karɓo masa hodar Auta. Ya barbaɗe injin fari fat, ya ce a tayar. Suka sunkuya suna kallo. Can sai wani baƙin zare ya ɓullo daga ƙarƙashin murfin saman injin, ya gangara cikin hodar a hankali kamar tururuwa ta sami hanya.

Dogo ya sa sifana a notin farko na murfin, ya ƙi motsi. Ya danna da ƙirji kafin ya saki.

"Kai, wane mai ƙarfin jaki ne ya ɗaure wannan?"

Mai Agogo ya ce shi dai bai taɓa ba. Dogo ya cire murfin ya nuna masa. Bakin ya lanƙwashe a gindin kowane noti, gaskit ɗin da ke tsakani mai hana mai fita ya mutsuke ya tsage. Ya ce irin wannan murfin kamar hannun jariri ake riƙe shi, in ka matsa ka ɓata, iya matsawarka iya zubarsa.

Nan take tsoho ya gane. Ashe ƙarar ke nan. Wani ke fitowa yana matse notin har sai motar ta zubar da abin da zai kore ta, kuma a gidan nan mutum ɗaya ne ke da jakar sifanu. Ya dubi ƙofar ɗakin surukinsa. Ya fara shirya maganar da in ya faɗe ta, ba motar kaɗai za ta bar gidan ba.

"Ka taɓa ganin wannan hauka?" in ji Dogo.

Yana warware wani farin tef siriri daga jikin notin, irin wanda masu famfo ke naɗawa a bakin bututu don kada ruwa ya tsiyaya. Kowane noti da nasa, an naɗa shi da kyau, gefe da gefe, babu ko tattara. Mai Agogo ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Wanda ke son abu ya zuba ba ya zama cikin duhu yana yi masa wannan naɗi. Dogo ya tambaye shi aikin wa ne. Ya ce wataƙila aljanun motar ne, ya cusa tef ɗin a aljihu.

Suka ɗora murfin a kan katako, Dogo na bugun bakin murfin da ƙaramar guduma, Mai Agogo na karawa a ido yana cewa saura nan. Sabon gaskit kuwa, tsoho ya ce shi zai ɗaure, da yatsun da suka saba da cikin agogo. Dogo ya ce ya yi iya yinsa, amma tsohuwa tsohuwa ce, bai yi alkawari ba.

Da safiyar Asabar surukin ya shimfiɗa farin kwali. Aka tayar da motar ta yi zafi, aka kashe. Auta na tsaye a bakin ƙofa, hannunta a kan cikinta. Injin na ƙas-ƙas yana hucewa. Da surukin ya jawo kwalin, Mai Agogo ya gani: ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar ido ba, yana ƙyalli a gefe.

Surukin ya miƙe, ya ɗora takalminsa a kan ɗigon, ya tsaya yana kallon bango.

"Baba," ya ce, "a riƙa sa mata faranti a ƙasa, saboda ƙura."

Mai Agogo ya sa hannu a aljihu, ya taɓa tef ɗin, ya ce to.

Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, da tsintsiya a hannu. Ta dubi kwalin, ta dubi ƙafar da ke kansa.

"Wai ta ɗiga ne, ko ba ta ɗiga ba?"